Mikin ƙafar Baba: yawan wannan ciwo da dalilin tsadar jinyarsa

Tambaya daga wani matashi a Garwa, arewacin Kamaru: Assalamu alaikum, likita. Mahaifina ya shekara tara da ciwon suga. Wata biyu ke nan wani ɗan miki ya fito masa a ƙarƙashin babban yatsan ƙafa, ya ƙi warkewa. A asibiti an ce jini ba ya sauka ƙafar yadda ya kamata, an rubuta mana gwaje-gwaje, ga kuɗin wankin miki. Har mun sayar da tumaki biyu. 'Yan'uwan Baba suna cewa asibiti cin kuɗi kawai suke yi, ƙarshenta su yanke ƙafar, gara a kai shi wajen mai maganin gargajiya. Shin wannan ciwo ya yawaita ne haka, ko mu ne aka jarrabta? Kuma da gaske jinyarsa tana da wannan tsada?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ku kuma ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi.

Ba ku kaɗai ba ne, ko kusa. Na daɗe ina aikin tiyata a wannan yanki namu, kuma da wuya mako ya wuce ban kwance bandeji na tarar da irin mikin da ka siffanta ba. Ƙididdigar da Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta fitar a 2021 ta nuna manya miliyan 537 ne ke da ciwon suga a duniya, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka kudu da Sahara, kuma fiye da rabin na Afirkar ba su ma san suna da shi ba. Wannan ƙungiya, ɗan Kamaru ya taɓa shugabantar ta, Farfesa Jean Claude Mbanya na Yawunde, daga 2009 zuwa 2012. A cikin masu ciwon, kashi 19 zuwa 34 cikin 100 za su yi mikin ƙafa a wani lokaci na rayuwarsu. Ka ce daga mutum ɗaya cikin biyar ke nan zuwa ɗaya cikin uku. Wani babban nazari na 2017 da ya tattara binciken ƙasashe da yawa ya samu cewa a kowane lokaci kimanin kashi 6 cikin 100 na masu ciwon suga a duniya suna ɗauke da miki a ƙafa, a Afirka kuwa abin ya ɗan haura kashi 7. Ni a ganina adadin namu ya fi haka, don lissafin asibiti ba ya ƙirga wanda ya kwanta a ɗaki a ƙauyen Pitowa ko Gidar har Allah ya karɓi abinsa, aka ce ai ƙaya ya taka, ko an yi masa sammu.

Amma abin da na fi so ka riƙe yana cikin maganar da likitanku ya yi, cewa jini ba ya sauka. A nan ne labarin Baba zai rabu da na wani mai mikin da ya yi kama da nasa.

Ciwon suga yana cin ƙafa ta hanya biyu. Ta farko, yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Mutum ya fara jin ƙafarsa kamar ana tsikararsa da allura, ko tana ƙuna da dare, daga baya ya ce maka ji yake kamar yana tafiya a kan auduga. Mutanen Garwa, ƙasar noman auduga, ba sa buƙatar a yi musu bayanin wannan misali. Ranar da ƙunar ta daina, sai ya yi murna ya ce ya samu sauƙi, alhali jin ne ya tafi gaba ɗaya. Daga nan ƙusa ta shiga silifas ya yini da ita bai sani ba. Ya taka dandamalin masallaci da azahar a watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke wuce digiri 40, tafin ƙafa ya tashi bororo, bai ji komai ba. Na ga wanda salansar babur ta ƙona wa ƙafa, sai warin nama ne ya sanar da ɗan acaban. Na ga tsohuwar da ɓera ya ci wa yatsu tana barci a kan tabarma. A lokacin hunturu kuma kaskon wuta da faso su ne manyan masu kawo mana aiki.

Hanya ta biyu ita ce ta jijiyoyin jini. Suga, hawan jini, kitse a jini da taba suna haɗuwa su ƙuntata jijiyoyin da ke kai jini ƙafa, kamar yadda laka ke cike magudanar ruwa a fadama har shukar da ke can ƙarshe ta bushe. A mai ciwon suga, toshewar ta fi faruwa a ƙananan jijiyoyin da ke ƙasa da gwiwa, inda gyara ya fi wuya. Wannan cuta ita ma ba ƙarama ba ce: an ƙiyasta mutum miliyan 202 ke da ita a duniya a 2010, adadin ya kai kusan miliyan 236 a 2015, kuma mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suke, ba a Turai ba. A binciken da aka yi a asibitocin Turai, kusan rabin masu mikin ƙafa na suga an same su da wannan ƙarancin jini. A nan wajenmu da can mutuwar jijiyar ji da ƙwayoyin cuta ne suka fi yawa, amma yanzu da mutane ke daɗewa da suga da hawan jini, muna ganin toshewar jini tana ƙaruwa.

Alamarta ta asali ita ce mutum ya yi 'yar tafiya, sha-raɓarsa ta ɗaure da ciwo, ya tsaya ya huta ta saki, ya ci gaba ta dawo. In ta yi tsanani, sai ƙafa ta riƙa zogi da dare, har mutum ya sauko da ita daga gado ya rataye kafin ya samu barci. Ƙafar ta yi sanyi, gashinta ya zube, fatar ta yi sheƙi. Sai dai mai suga da jinsa ya mutu yakan rasa duk wannan gargaɗi, abin da za a fara gani shi ne yatsa ya yi baƙi.

Me ya sa na tsaya a kan wannan? Domin miki ba ya warkewa da magani kaɗai, da jini yake warkewa. Jini ne ke kai iska da abinci wurin, jini ne ke kai maganin ƙwayoyin cutar da Baba ke sha. In jini na sauka, mikin tafin ƙafa yakan warke da abu uku: a kankare mataccen nama, a kashe ƙwayoyin cuta in akwai, a hana mutum taka wurin. In jini ba ya sauka, kana iya wanke mikin wata shida da mafi tsadar abin wanki, kuɗinka ne kawai ke tafiya. Saboda haka gwajin da aka rubuta muku na auna jinin ƙafa, wanda ake ɗora wata 'yar na'ura a kan jijiya a saurari bugunta, a kwatanta ƙarfin jinin idon sawu da na hannu, ba ɓarnar kuɗi ba ne. In sakamakon ya gaza 0.9, akwai toshewa. In ya wuce 1.3 ma ba abin murna ba ne, yana nufin jijiyoyin sun ƙandare, sai a auna a yatsa. A cikin duk takardun da ke hannunka, wannan ce ta fi cancantar kuɗin tunkiya, domin ita za ta faɗa muku ko sauran kuɗin da za ku kashe zai yi amfani.

To, batun tsada. Eh, da gaske ne, kuma ba a Kamaru kaɗai ba. A Ingila an lissafa abin da hukumar lafiyarsu ta kashe a kan mikin ƙafa da yanke ƙafa na masu suga a shekarar 2014 zuwa 2015, aka samu tsakanin fam miliyan 837 da miliyan 962, kusan kashi 1 cikin 100 na duk kasafin lafiyarsu. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne wannan kuɗi ya fi abin da suka kashe a kan sankarar mama da ta prostate (wata ƙwaya da ke ƙarƙashin mafitsarar maza) da ta huhu in an haɗa su. A Amurka an ƙiyasta dala biliyan 9 zuwa 13 a shekara, ban da kuɗin jinyar sugan kansa. Bambancinmu da su shi ne wanda ke biya. A can gwamnati ko inshora ke ɗauke mafi yawa. A nan kusan kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya daga aljihun iyali yake fitowa kai tsaye. Shirin kula da lafiyar kowa da gwamnati ta ƙaddamar a watan Afrilu na 2023 ya fara ne da mata masu ciki, ƙananan yara, masu tarin fuka, masu ƙanjamau da masu wankin ƙoda. Mai mikin ƙafa har yanzu garken gidansu ne inshorarsa. Wani bincike na 2012 da ya kwatanta ƙasashe biyar ya nuna wannan ƙarara: abin da majinyaci ke biya daga aljihunsa ya tashi daga kwatankwacin samun kwana 6 a Amurka ga mai miki mai sauƙi, har zuwa samun fiye da shekara 5 a Indiya ga mai mikin da ya yi tsanani.

Abin da ke sa tsadar ba wai wani magani guda mai ɗan karen kuɗi ba ne. Tsawon lokaci ne. Ko a ƙasashen da ke da komai, kashi 30 zuwa 40 cikin 100 ne kawai na irin wannan miki ke warkewa cikin mako 12. Mu yi lissafi na misali, kai ka san farashin da ake karɓa a wajenku, sai ka sa naka. A ce kowane zuwa wanki, da bandeji da ruwan wanki da kuɗin babur zuwa da dawowa, yana cin sefa 2,500, ana zuwa bayan kwana bibbiyu har wata uku. Zuwa 45 ke nan, sefa 112,500. Mafi ƙarancin albashin da doka ta yanka wa ma'aikacin kamfani a 2023 sefa 60,000 ne a wata. Ba mu sa allurar insulin ba, ba mu sa tsinken gwajin suga ba, ba mu sa hoton ƙashi ba. In ƙwayoyin cuta suka kai ƙashi, maganin kan ɗauki kamar mako shida. In aka kwantar da shi, ga kuɗin gado, ga abinci, ga mai jinya da ya rufe shagonsa ko ta bar sana'arta. Wannan na ƙarshe ba ya fitowa a kowace rasit, amma sau da yawa shi ne ya fi karya gida. In kuma aka ce sai an buɗe jijiyar da ta toshe, aikin da aka fi samu a manyan asibitocin Yawunde da Duwala, to ga motar Ngaundere, ga jirgin ƙasa na dare, ga masauki.

Yanzu maganar 'yan'uwan Baba. Ba zan raina su ba, don abin da suka gani ne suke faɗa: sun ga mutane sun shiga asibiti da ƙafa biyu sun fito da ɗaya. Abin da ba su gani ba shi ne watannin da suka gabaci shigar. Kusan kashi 85 cikin 100 na yanke ƙafar masu suga daga miki yake farawa, miki irin wanda da an kama shi da wuri da bai kai haka ba. Fiye da rabin irin waɗannan mikuna suna kamuwa da ƙwayoyin cuta, kuma a cikin waɗanda kamuwar ta yi ƙarfi, kusan ɗaya cikin biyar na ƙarewa da yankewa. Tsoron yankewa ke sa a ƙi zuwa, ƙin zuwa ke sa a yanke, wanda aka yanke wa kuma ya koma unguwa ya zama hujjar na gaba.

Akwai wani dattijo, mai sayar da hatsi, da ba na mantawa da shi. Ya zo da miki bai fi girman ƙwayar gyaɗa ba, jininsa na sauka lafiya lau. Na ce masa a kankare, a sa masa abin da zai hana shi taka wurin, ya huta da kasuwa mako shida. Ya ce likita, mako shida wa zai ciyar da gidan? Ban iya ba shi amsa ba, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bayan wata huɗu aka kawo shi a kwance, an cusa wa mikin garin ganye da toka da garin kafso, zazzaɓi ya rufe shi, warin ya riga shi shiga ɗaki. Sai da muka yanke ƙasa da gwiwa kafin ya tsira da ransa. Abin da suka kashe a makon nan guda ya ninka abin da ya guje wa sau da yawa, kuma kasuwar da ya ƙi bari na mako shida bai sake komawa ba. Laifin ma ba nasa kaɗai ba ne. Da na zauna da 'ya'yansa tun ranar farko mun tsara wanda zai riƙe masa rumfa, wataƙila da labarin ya sauya. Tun daga lokacin ba na sallamar irin wannan majinyaci sai na yi magana da wanda ke riƙe da aljihun gidan.

Wasu kuma suna ɗauka yankewa ita ce hanya mai araha, a yi sau ɗaya a huta. Ba haka ba ne. Bayanta akwai jinyar dungulmi, sanduna, ƙafar roba da sai an sauya ta, ga ƙafar da ta rage tana ɗaukar nauyin biyu, ita ma da ciwon iri ɗaya a jikinta. Kuma in faɗa maka gaskiya, tunda kai ne ke tsaye a kan lamarin: a cikin masu mikin ƙafa na suga, kimanin kashi 30 cikin 100 ba sa kai shekara biyar, bayan babban yankewa kuwa fiye da rabi ne. Ba ƙafar ce ke kashe yawancinsu ba, zuciya ce da shanyewar ɓarin jiki, domin jijiyar da ta toshe a ƙafa tana da 'yan'uwa a zuciya da ƙwaƙwalwa. Rai na hannun Allah, ba na faɗa don in tsorata ka. Na faɗa ne don kada ku ga maganin hawan jini da na rage kitse da na tsinka jini a takardar Baba ku ce waɗannan ba na miki ba ne, a bar su sai an samu kuɗi. Suna cikin mafi araha a takardar, kuma su ne ke tsare ransa. In yana shan taba ko yana sa ta a baki, ya bari yau.

Inda za ku iya rage kashewa ba tare da cutar da shi ba, akwai. Ku roƙi a rubuta muku magani da sunansa na asali ba sunan kamfani ba, ku fara dubawa a kantin maganin asibiti. In mikin ya lafa, ku nemi ma'aikacin jinya ya koya wa mutum ɗaya a gida yadda ake wanki da ruwan gishirin asibiti da bandeji mai tsabta, a riƙa kai shi dubawa lokaci-lokaci maimakon kullum. Kada ku sayi maganin ƙwayoyin cuta a teburin kasuwa, kuma miki marar kumburi, marar ja, marar mugunya ba ya buƙatarsa ma. Mayukan da ake tallatawa cewa suna haɗe miki cikin kwana bakwai, ku bar wa masu su. Zuma da mutane ke yawan tambayata a kanta ba ta buɗe jijiyar da ta toshe. Kada a jiƙa ƙafar a ruwan zafi, kada a gasa ta, kada wanzami ko mai yankan farce na kan titi ya kusance ta da aska. In an ce a koma insulin, ku yarda, ba alamar ƙarshe ba ce, miki na wuyar warkewa in suga na hawa. A tabbatar kuma an yi masa allurar rigakafin tetanus, ciwon da ke sandarar da jiki ya sarƙe haƙora.

Abin da ya fi komai araha, shi ne kuma aka fi ƙi: kada ya taka mikin. Miki a ƙarƙashin babban yatsa, duk takun da Baba ya yi yana murƙushe sabon naman da ya tsiro cikin dare. Tunda ba ya jin zafi, zai ce muku ai masallaci nan kusa ne. Ku lallashe shi. Addini ya ba marar lafiya sauƙin yin salla a zaune, ku tambayi malaminku hukuncin shafa a kan bandeji, kada ruwan alwala ya riƙa jiƙa wurin. Filastar da ake naɗe ƙafa da ita don ɗauke nauyi tana aiki sosai, amma ba a sa wa ƙafar da jininta ya yi ƙaranci ƙwarai, wannan ma wani dalili ne na fara yin gwajin.

Cewa kulawa mai sauƙi tana ceton ƙafa ba zance ba ne na ƙasashen masu kuɗi. A Tanzaniya, Dakta Zulfiqarali Abbas da abokan aikinsa sun fara wani shiri a 2003 na koya wa likitoci da ma'aikatan jinya duba ƙafa da kankare fatar da ta yi kanta da koyar da majinyata, kuma yawan yankewa ya ragu a wuraren da aka yi shi. Kayan aikin ba su wuce wani ɗan zaren roba da ake dangwala wa tafin ƙafa don gwada ji ba, da yatsun likita a kan jijiya. Abin takaici, a ɗakunan duba masu suga da yawa har yanzu ana auna jini a rubuta magani, ba a ce wa mutum cire takalminka ba. In ba a ce ba, ku ku cire masa.

In Allah ya sa mikin ya warke, kada ku ɗauka an gama. Kusan kashi 40 cikin 100 yana dawo musu cikin shekara guda, kusan kashi 60 cikin shekara uku. Daga nan har abada sai an duba ƙafafunsa kullum da hasken rana, har tsakanin yatsu. A shafa man kaɗanya a dunduniya saboda faso, ban da tsakanin yatsu. A zazzage takalmi kafin ya sa, ya bar silifas mai igiya a tsakanin yatsu, ya samu takalmi mai faɗi mai taushin ciki, kada ya yi tafiya ba takalmi ko a tsakar gida. Ga iyayenmu mata masu suga nakan ƙara da cewa lalle yana ɓoye ja da baƙin da muke nema a fata.

Kafin ranar komawarku, in ka ga ja yana hawa sama, ko kumburi, ko wari, ko yatsa ya sauya launi, ko zazzaɓi, ko suga ya ƙi sauka, ko Baba ya fara ruɗewa, a daren nan za ku tafi asibiti, ba da safe ba. In kun koma kuma, ka tafi da babba ɗaya cikin masu cewa a kai shi gargajiya, ya ji da kunnensa. Ka tambayi likita abu uku: nawa ne sakamakon gwajin jinin ƙafar, shin mikin ya kai ƙashi, kuma da jinin da ke sauka yanzu yana ganin zai warke ko sai an buɗe jijiya. Ka ce masa ya duba ɗaya ƙafar ma.